Tsohuwar Giyar Alhaji Mamman

Akwai ranar da ba za ta fita raina ba a aikin nan ko da zan manta lambar ƙofar gidana, ita ce ranar da na raka Alhaji Mamman Paris don a yi masa tambaya guda ɗaya. Ku sababbin shiga, na ga yadda kuka ɓata fuska tun da aka ce yau za a zaunar da ku a koya muku bambancin giyar Jamus, wai ku da ba ku sha mene ne naku a ciki. To ku gyara zama. Wanda ke da fatawa a kan aikin nan ya riƙe abarsa sai an tashi, ni ma ina da tawa, kuma ni da shi duk ƙarshen wata muke jira. Labari zan ba ku.

Ni daga Damagaram na zo karatu a Bron, nan gefen Lyon a Faransa. Na shigo wannan depo na Vénissieux, ma'ajiyar giya, da niyyar aikin hutu, ga shi har furfura ta same ni a ciki. A lokacin direktan depo wani ne Gérard, mutum mai tumbi da fara'a. Yana son ɗaukar 'yan Nijar, kuma ba ya ɓoye dalili. A gaban kowa yake faɗa yana dariya, wai tun da ya fara ɗaukar Musulmi kwalba ɗaya ba ta ɓace masa ba, kuma babu mai zuwa ranar Litinin da jan ido. Mu kuwa sai mu washe baki, mun ɗauka yabo ne. Ashe akuya ya samu ya ba ajiyar nama. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya tsaya ya gaya mana mene ne a cikin kwalaben da muke ɗagawa. Lambar shiryayye muka sani da launin akwati. A wurinmu giya giya ce, haram ba ta da babba da ƙarama.

Alhaji Mamman mutumin Maraɗi ne, kuma shi ne shef d'ekip, wato shugaban masu lodi. Shi ke cewa wannan palet, wato jerin akwatuna a kan katako, ya hau wancan kamiyo, babbar motar kaya, kuma idan ya faɗa ta zauna. Ya haura shekara talatin a Faransa. Rabinmu shi ya samo mana aikin, wasu ma a falonsa na unguwar Minguettes suka kwana kafin su samu ɗaki, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Amma fa Allah ya jarrabce shi da sani. Ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa takawa ba, zai miƙa hannu ya ce ka yi dama ka yi hagu, har ya gaya maka inda za ka sha man mota. Likita ya rubuta maka magani, Alhaji zai duba ya ce yaron ya yi ƙoƙari. Maganarsa kullum ita ce shi Nasara ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Lokacin da abin ya same shi, saura masa abin da bai kai shekara biyu ba ya yi ritaya. Ku riƙe wannan, don a ƙasar nan wanda ya faɗo daga aiki a waɗannan shekarun ba mai tsintarsa. In kuwa da babban laifi aka kore shi, haka zai fita hannu rabbana, shekarunsa na ritaya ba su cika ba.

Da korona ta zo aka rufe gidajen shan giya da gidajen abinci, kaya suka tsaya mana cik. Watanni suka wuce. Wata rana Gérard ya kira Alhaji ya nuna masa palet-palet na giyar Jamus, ya ce kamiyon masu lalata kaya zai zo, a loda musu duka. Bai ce don me ba, shi ma Alhaji bai tambaya ba, don tambaya aikin wanda bai sani ba ne. Ya loda wasu, ya rage mafi kyawun akwati, ya sa aka haura da su can sama ƙarƙashin rufin kwano, bayan tsofaffin shiryayye, daidai inda tagar rufi ke zubo rana.

Daga baya ne na ji hujjarsa daga bakin masu lodin da suka taya shi. Wai shekarun baya an taɓa aikensa gidan mahaifin Gérard, tsohon ya sauka da shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya nuna masa kwalabe sun yi ƙura, yana shafa su kamar jikoki, yana cewa wannan ta girmi ɗana, wannan sai ranar auren jikata za a buɗe ta. Giyar inabi ce tsohon ke nufi, amma wa ya gaya wa Alhaji? Shi abin da ya ɗauko shi ne giyar Nasara tana tsufa tana ƙara daraja. Saboda haka ya ce Gérard yaro ne, tsoron ciwo ya ruɗa shi har zai zubar da dukiya, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kwanan watan da ke jikin kwalba ma ya fassara musu shi: wai shaidar shekaru ce, yadda ake duba haƙorin rago. Kada ku yi wa masu lodin dariya. Da ni aka tambaya a lokacin, abin da zan ce ke nan, don duk mun sha jin Faransawa suna alfahari da tsohuwar kwalba.

Kayan nan suka ci rani biyu a ƙarƙashin kwano. Alhaji kan hau lokaci-lokaci ya leƙa su, ya sauko yana murmushi shi kaɗai. A tsakanin nan wani babban kamfani na Paris ya sayi depo ɗinmu, Gérard ya zama mai karɓar umarni ta waya kamar kowa.

Sai ga oda ta girma, wajen ƙarshen watan Satumba. Wani sabon gidan cin abinci irin na Jamusawa zai buɗe a Paris, manyan kamfaninmu za su halarta, har da baƙi daga Jamus. Gérard ya tara mu ya ce a zaɓi mafi kyawun abin da muke da shi, kada a ba shi kunya. Wannan kalma ta "mafi kyau" ita ta kashe Alhaji. Ya jira aka gama haɗa sababbin kaya, ya sa aka mayar da rabinsu, aka sauko da ajiyarsa aka jera a gaba don ita za a fara buɗewa. Wani daga cikin masu lodi ya ɗauko tsumma zai goge ƙura, Alhaji ya riƙe hannunsa, ya ce a bar ta, ƙurar ita ce rigar girman. Ranar har lemo ya saya wa mutane. Ya gaya wa direban kamiyo cewa kafin mako ya zagayo za a kira shi biro, wato ofishin manya, kuma ba don faɗa ba.

An kuwa kira shi. Yadda labari ya iso mana, masu hidimar gidan suna cikin gaggawa, ba wanda ya duba kwalba, aka dinga zubawa cikin manyan kofuna ana miƙa wa baƙi. Abin da ya fi ba ni dariya har yau shi ne mutanen Paris. Sun sha. Wasu sun gyaɗa kai suna cewa lallai wannan ita ce ta asali, ba irin ta kanti ba. Wani mai gemu da gyale a wuya har ya ce yana jin ƙamshin zuma da tsohon katako a ciki. Da su kaɗai ne a wurin, wallahi da Alhaji ya samu lambar yabo. Amma akwai wata dattijuwa Bajamushiya, wakiliyar masu dafa giyar, wadda a cikin sana'ar aka haife ta. Ta kai kofi hanci, ba ta ma kai shi baki ba, ta ajiye, ta ce a kawo mata kwalbar. Ta karanta kwanan wata da ƙarfi a gaban manyanmu. Mai gemun nan aka ce ya sulale ya bar gyalensa a kujera.

Bayan kwana biyu dattijuwar ta sauko Lyon da kanta, ta ce sai ta ga inda aka yi wa kayanta wannan wulaƙanci. Ta hau sama ta ga kwano, ta ga tagar rana, ta sauko. Sai ta sa aka tara mu, ta jera kwalabe huɗu a kan akwati, ta tambaye mu bambancinsu. Muka dubi juna. Wani ya ce wannan kore ce, wannan ruwan ƙasa. Ta juya ta dubi Gérard, ta tambaye shi shekara nawa mutanen nan suna ɗaga kayan da ba su san sunansu ba. Gérard ya shiga gyaran igiyar takalminsa.

Abin da ta koya mana a tsaye ranar shi ne za a koya muku yau a zaune. Dukansu huɗun farare ne, ruwan zinare, ido ba ya raba su sosai, amma halinsu daban. Pils ita ce mai ɗaci da ƙamshin ganyen da ake dafa ta da shi, kuma ƙamshin nan shi ne farkon abin da ke gudu. In kwalbarta kore ce rana ta dake ta, warin bodari take yi. Helles ta mutanen kudu ce, mai laushi, ɗacinta kaɗan, saboda haka ba ta da inda za ta ɓoye tsufa, da ta kwana biyu sai ta ɗauki warin kwali da ya jiƙe. Export ta ɗan fi su ƙarfi da jiki, takan ɗan fi su haƙuri, amma ita ma haƙurin watanni ne. Sai Kellerbier, mai hazo-hazo, wadda ba a tace ba. Ita ce sarauniyar raki: sanyi take so, duhu take so, kuma a sha ta da wuri. Dattijuwar ta ce mu ɗauke su kamar fura da nono, ba kamar zuma ba. Ba da bakinta ta ce fura ba, burodi ta ce, ni na mayar muku da shi gida. Mafi yawan abin da Alhaji ya tsufar a ƙarƙashin kwano kuwa Kellerbier ce da Pils mai koren kwalba.

Alhaji bai ji wannan darasi ba, don an riga an dakatar da shi yana gida. Ga yadda tsarin yake, ga waɗanda ba su sani ba. Kafin a kori ma'aikaci dole a kira shi zama, a gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, a ji ta bakinsa, kuma yana da damar zuwa da wakilin ma'aikata. A shekarar ni ne wakili. Na bi ta bayan fage na ji inda manyan suka dosa. Dattijuwar ta matsa musu cewa laifin na wanda bai koyar ba ne, su ma ba sa son maganar ta kai kotu. Saboda haka in ya tabbata Alhaji bai san giyar tana lalacewa ba, gargaɗi ne da horo, ya koma bakin aikinsa. In kuwa ya san tana lalacewa ya aika wa mutane ita, wannan babban laifi ne, kora ce nan take. Ƙofa a buɗe take, abin da ya rage ya sunkuya ya shiga.

A jirgin ƙasa daga Lyon zuwa Paris na yi ta fama da shi. Na ce Alhaji, kalma uku ce, "ban sani ba", kuma gaskiya ce, ba ƙarya na ce ka yi ba. Ya juya yana kallon gonaki. Na kawo masa maganar ritaya, na kawo masa maganar matarsa Hajiya da yaran da ke lakkol, wato makaranta. Can ya ja tsaki ya ce to, Nasara ne, in ya faɗa a gabansu a nan za ta mutu, wa zai ji. Na ji sanyi a raina, har na saya mana shayi.

Muka hau bene, aka shigar da mu wani ɗaki mai gilashi. Gérard na zaune a gefe ya yi laƙwas. Sai ƙofa ta buɗe, mai kula da sha'anin ma'aikata ta shigo. Yarinya ce baƙa, da ƙyar ta kai talatin, da ɗan kwali a kanta. Ta dubi Alhaji, ta ɗan rusuna, ta ce da Hausarta ta 'yan nan mai karkata, "Baba, ina kwana. An zo lafiya?" Rakiya ce, ɗiyar Malam Sule na La Courneuve, unguwar da ke gefen Paris. Alhaji da ubanta ɗaki ɗaya suka zauna farkon zuwansu ƙasar nan, shi ya raba goro ranar sunanta. Na ga wuyan Alhaji ya miƙe, ya gyara hularsa, na ce a raina shi ke nan, shayina ya tafi a banza.

Yarinyar nan ta yi iya yinta, Allah ya sani. Ta karanta tuhuma da Faransanci a hankali. Ta tambayi Gérard ko an taɓa ba masu lodi horo a kan kayan, ya ce babu. Ta tambaye shi ko ya gaya wa Alhaji dalilin da ya sa za a lalata palet ɗin, ya ce bai tuna ba. Ta share hanya fes, sannan ta juyo ta tambayi Alhaji ko ya san irin wannan giya ba ta jure ajiya. Alhaji ya fara ba ta tarihin zuwansa Faransa. Ta bar shi ya kai aya, ta sake tambaya. Ya shiga labarin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mahaifin Gérard. Ni ina ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har takalmina ya gaji.

Sai ta yi abin da ta ɗauka taimako ne. Ta ajiye alƙalami, ta sassauta murya, ta koma Hausa.

"Baba, don Allah ka ce ba ka sani ba. Shi ke nan fa. Ba abin kunya ba ne."

Da ta bar shi a Faransanci, wataƙila da ya haɗiye. Amma a ce masa da Hausa, daga bakin ɗiyar da ya ɗauka tana cikin zane, kuma ya san kafin magariba maganar na iya kaiwa La Courneuve, kafin Juma'a ta kai Maraɗi. Ita yarinyar ba za ta faɗa wa kowa ba, aikinta ma ya hana ta, amma je ka gaya wa Alhaji. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke ɗiyar Sule, ni za ki koya wa kayan Nasara? Tun ba a haife ki ba nike ɗaukar su." Sai ya juya wajen Gérard ya faɗa da Faransanci, dalla-dalla, don kada a ce ba a ji ba: "Na sani. Babu abin da ban sani ba a depo ɗin nan."

Na ce a ba mu minti kaɗan mu fita, Alhaji ya ce ba inda za shi. Rakiya ta daɗe tana kallon takardar gabanta kafin ta ɗauki alƙalami. Dole ta rubuta abin da ya faɗa, a gaban shaidu ya faɗe shi. Na ji haushinsa ranar kamar in shaƙe shi, na kuma ji tausayinsa har idona ya kawo ruwa. A jirgin dawowa bai ce mini komai ba sai cewa da ya yi yarinyar ba ta da kunya.

Takardar kora ta same shi a gida. Gérard kuwa, wanda ya yi shekaru yana alfahari da ma'aikatan da ba su san abin da suke ɗauka ba, an ɗauke shi an kai shi wani depo mafi girma. An bar jaki an daki taiki, kamar kullum. Abin da muka samu mu shi ne wannan darasi da kuke ɓata wa fuska, da ɗakin sanyi, da dokar cewa abin da ya fara shigowa shi ke fara fita.

Abin da na koya shi ne a aikin nan rashin sani ba ya korar mutum, don kamfani ma ya fi son ka a haka muddin kaya na tafiya. Abin da ke korar mutanenmu shi ne kunyar a gan su suna tambaya, musamman a gaban na gida. Za mu iya sunkuya wa baƙo har ƙasa, amma ɗan'uwa ya ji mun ce ba mu sani ba, gara a yanka mu. Kuma duk kayan da ka yarda ka ci abinci da su, ka san halinsu, ko kana ƙyamar su.

Alhaji bai sake samun aiki ba. Amma kada ku ce ya rasa bakin magana. Kafin wata ya ƙare labari ya zagaye Minguettes cewa Alhaji Mamman ya ajiye aikin giya da kansa saboda tsoron Allah, ana saura ƙiris ya yi ritaya. Mutane suka dinga zuwa gaishe shi, ana ba matasa misali da shi, har ni aka taɓa yi wa gori da sunansa a ƙofar masallaci. Ban tona ba, don na san Hajiya ta fara aikin shara a wani ofis da asuba, kuma ban ga amfanin ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa ba.

Watannin baya na gamu da shi a kasuwar Minguettes, ya rame, yana taya wani ɗan garinsu tsaron teburin atamfa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi mutanen depo ɗaya bayan ɗaya. Har na juya zan tafi sai ya riƙo hannun rigata, ya duba dama da hagu, ya matso kusa da kunnena.

"Wai ni Lawali, ita wagga mai hazo-hazon, da gaske ba ta daɗewa?"

Na ce da gaske ne Alhaji, watanni kaɗan ne, shi ma sai a cikin sanyi da duhu. Ya daɗe yana gyaɗa kai, idonsa a ƙasa. Sannan ya saki rigata, ya gyara hularsa.

"Haka na yi zato," in ji shi.